Wata huɗu ya rage in haihu, lissafi ya fi ƙarfin aljihu: me zan soke?

Amaryar_Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Cikina wata biyar ne, na fari. Maigida malamin firamare ne, ni kuma ina ɗan haɗa turaren wuta a gida, ba wani abin kirki ba. Jiya na zauna da biro da takarda na rubuta duk abin da ƙawaye da yayye suka ce sai na tanada: gadon jariri, keken koyon tafiya, saitin baho, akwatin kayan sawa, fitar suna kala uku, anko, rago, abincin taro, kayan rabo, mai hoto, mai kwalliya. Da na haɗa kuɗin sai na ajiye biron na dafe kai. Ya haura albashinsa na wata biyar, bai ci ba bai sha ba. Ku da kuka riga mu, wanne ne dole, wanne ne gayu kawai? Kuma ta wace hanya kuka tara?

Maman_Haidar:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ɗauko biron nan ki fara da gadon, ki ja masa layi. Ni na saya a haihuwar fari, mai labule da ƙararrawa, wallahi Haidar bai yi kwana uku a ciki ba. Yanzu haka ga shi can a lungun ɗaki, kayan guga muke tarawa a ciki. 'Yar katifa da gidan sauronta ta ishe ki. Keke kuma sai yaro ya fara zama, ina ke ina shi yanzu? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kayan sawa. Na cika akwati da 'yan ƙananan kaya na sabon haihuwa, yaro ya zo da girmansa, sati uku suka daina shigarsa. Wasu da ledarsu na bayar. Ki sayi kala biyar ko shida kawai, biyu ƙanana, sauran masu ɗan girma. Kayan barka za su zo, kuma kowa ƙananan yake kawowa.

Zee_Kabuga:
Gaskiya ne. Ni sabulu da man shafawa da hoda na barka sai da na shekara ban sayi ko ɗaya ba. Kar ki sayi waɗannan kwata-kwata, sai guda ɗaya na zuwa asibiti.

Sista_Rabi:
Na karanta jerin naki sau biyu, Amarya, ban ga abin da nake nema ba. Babu kuɗin ko-ta-kwana. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin haihuwa, kuma abin da na fi gani shi ne mace ta zo da akwati shaƙe da kaya masu kyau, a ce za a yi mata aiki ko ana buƙatar jini leda biyu, miji ya fita waje yana ta kiran waya. Wannan awa biyun da ake ɓatawa wajen neman kuɗi, wani lokacin ita ce komai.

Kafin ki sayi ko safa, ki je wurin da kike awo ki tambaye su ƙarara: nawa ne haihuwa, nawa ne in ta kai ga tiyata, me da me za a ce in kawo? Za su ba ki takarda: safar hannu, ledar shimfiɗa, audugar mata, abin ɗaure cibiya, maganin wanke ƙasa da sauransu. Ki saye su kaɗan-kaɗan a kemis na sari, sun fi sauƙi a kan a rubuto miki da tsakar dare. Sannan ki san rukunin jininki. In nagetif ne, shi kuma maigida fozitif, akwai allurar da ake so a yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa, tana da tsada sosai, gara ki sani tun yanzu. Ki kuma samo mutum biyu a dangi masu lafiya waɗanda za su iya ba da jini, a ajiye lambarsu.

Maganin ƙarin jini da na kariyar maleriya da ake ba ki a awo, ki sha. Shi ne tanadi mafi arha da na sani. Mace mai isasshen jini ba kasafai take kai mu ga neman leda ba.

Abu_Fadil:
Sista ta taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Fadil an haife shi a Fabrairun 2023, lokacin da aka canja kuɗi, takardar naira ta zama kamar zinare. Ni a ganina na gama shiri, kuɗina na cikin asusun banki lafiya lau, har rago na ba da kafin alƙalami. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare naƙuda ta tashi. Mai adaidaita na unguwarmu ya kai mu bashi. A asibitin aka miƙo min takardar magani, na je kemis ɗin bakin ƙofa, na yi taransifa, kuɗi suka fita daga wurina ba su shiga wurinsa ba. Mutumin ya riƙe ledar maganin a hannu, ni ina riƙe da waya, muna kallon juna. Masu POS duk sun tashi, wanda na samu kuma ya ce ba shi da ko ɗari biyar. Wani dattijo mai shayi ne ya buɗe gwangwanin cinikinsa ya ƙirgo min 'yan ɗari bibbiyu da hamsin-hamsin masu maiƙon bota, bai ma tambayi sunana ba. Har yau in na bi ta wurin sai na tsaya na gaishe shi.

Tun daga ranar, in madam ta shiga wata takwas, akwai tsabar kuɗi a ambulan cikin jakar asibiti, ƙarƙashin zannuwa. Ko gishiri ya ƙare ba a taɓawa.

Ɗan_Kwari:
Abu Fadil, Allah ya saka wa mai shayi. Amma kuɗi a gida ni ba na iya riƙe su. Da an ce gas ya ƙare hannu zai tafi. Na fi ganewa in kulle su a manhajar waya, irin wadda ba ka iya cirewa sai ranar da ka sa.

Abu_Fadil:
To in naƙudar ta riga ranar da ka sa fa? Bakwaini ba ya duba kalanda. Raba su biyu, malam.

Hajjo_Mai_Adashi:
Ni dai abin da na sani shi ne adashi. Haihuwata shida, ban taɓa cin bashi don suna ba. Da na tabbatar da ciki nake shiga, in gaya wa uwar adashi a asirce ta sa min kwasa a wata na takwas. Ba sai mai yawa ba, 'yata. Ke da kike turaren wuta, ki ware ribar kwalba biyu duk sati. Kuma daga kuɗin cefane, in an iya murza shi, ana samun ɗari biyu ɗari uku a jefa a asusu. Abincin jego kuma ki sa maigida ya saya da kaka tun yana araha, gero da dawa da wake, ko kwano biyar-biyar ne. Wanda yake kusa da Dawanau ma ya huta. Ki daka yajinki tun kina da ƙarfi, ki shanya kuɓewa, ki tanadi kuka da daddawa. Bayan haihuwa kuɗi a tukunya suke ƙarewa, ba a akwati ba.

Ummu_Khairat:
Hajjo, adashi sai da mutanen kirki. Ni nawa ranar kwasata aka ce mutum uku ba su zubo ba, in yi haƙuri. Na haihu, aka yi suna, aka yi arba'in, ana ba ni kuɗina gutsi-gutsi kamar sadaka. In za ki shiga, Amarya, ki karɓi kwasa da wuri, ki juya kuɗin su zama kaya. Yadda farashi yake gudu tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da dubu goma za ta saya miki yau ba za ta saya ba nan da wata huɗu.

Amaryar_Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Anti Sista, wallahi ban taɓa kawo maganar jini a raina ba, ranar Talata zan tambaya. To rago fa? Hoton ciki ya nuna namiji ne, wani abokinsa ya ce masa biyu zai yanka. Tun ranar ba shi da walwala.

Almajirin_Zaure:
A kwantar masa da hankali. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, dabba ɗaya ce, namiji ne ko mace. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid: ana yanka wa abin haihuwa akuya ko tunkiya ɗaya ranar bakwai, mai shekaru da siffar wadda ta isa layya. A lura, ba a ce sai rago mai ƙaho kamar na sarki ba. Tunkiya ta yi, akuya ta yi, bunsuru ya yi, in dai ta kai shekarun kuma ba ta da aibi. Sannan ita aƙiƙa, wato yankan suna, sunna ce ga mai hali, ba farilla ba. Wanda ba shi da shi babu laifi a kansa, sunan yaro ya raɗu ko ba a zubar da jini ba. Abin da ake so kuma mutane suka manta: a aske kan jariri a yi sadaka da kimanin nauyin gashin na azurfa. Wannan kuɗinsa kaɗan ne, amma ba ka jin ana rigima a kansa, saboda maƙwabta ba sa gani.

Abu_Sumayya:
Malam, a yi adalci dai. Akwai hadisin Nana A'isha a Tirmizi, biyu ga namiji ɗaya ga mace, kuma shi Shafi'iyya da Hambaliyya suka ɗauka. Kar a nuna kamar abokin nasa ƙirƙira ya yi.

Almajirin_Zaure:
Ban ce ƙirƙira ya yi ba, Abu Sumayya, hadisin sananne ne. Mai hali ya yanka biyu, Allah ya karɓa. Amma malamin firamare da matarsa ke lissafin kuɗin jini, ba zan ɗora masa abin da malaman garinsa ba su ɗora masa ba. Su ma masu cewa biyun sun yarda ɗaya ta wadatar.

Baban_Tagwaye:
Maganar rago ku bar ni da ita, ni na yi digiri. Da aka ce madam na da ciki, na yi wayo, na je Wudil ranar Juma'a na sayo ɗan tsaka-tsaki da araha, na ce in kiwata kafin lokaci. Na ɗaure shi a bayan ɗaki. Dusa, harawa, kowar wake, ga kanwa, ga allurar mai maganin dabbobi. Ya cinye takardar kuɗin wuta, ya cinye hijabin madam a kan igiya, ya tunkuyi surukata ta zauna a cikin baho. Duk da haka da na buga lissafi na ci riba, domin haihuwar ta faɗo sati biyu kafin Babbar Sallah, lokacin da rago ba ya taɓuwa. Ina ta yi wa abokai dariya. Sai aka shiga ɗakin haihuwa aka fito min da biyu. Hoton da muka yi sau ɗaya ne, a wani ɗan shago, ya ce ɗaya ne. Haka na koma kasuwa a tsakiyar tsadar Sallah na sayo akuya.

Shawarata: a duba watan da haihuwar za ta faɗo. In kusa da layya ne a saya da wuri. In kuma babu wurin kiwo, a ba wani ɗan uwa a ƙauye ya riƙe. Gidan haya ba wurin rago ba ne.

Zee_Kabuga:
Wayyo cikina! Baban Tagwaye, surukar ta yafe wa ragon kuwa?

Baban_Tagwaye:
Ita ta ci ƙafar baya.

Fa'iza_Kaduna:
Ni fa ina ganin ana ta kewaye-kewaye. Abin da ke cinye kuɗi ba rago ba ne, taron mata ne. Kanofi, kujerun haya, shinkafa buhu, kaji, lemo katan-katan, robobin rabo masu hoton jariri, mai kwalliya, mai hoto, uwa-uba anko da za ki ɗora wa ƙawayenki su ma su shiga uku. Duk don mace mai ɗanyen jiki ta wuni tana canja kaya tana murmushin dole, jariri yana yawo hannu-hannu ana masa tari a fuska. Ni a haihuwata ta biyu na ce ba na yi. Da asuba maza suka raɗa suna a masallaci, aka raba dabino da goro, aka yi waina da miyar taushe don wanda ya shigo. Kuɗin da aka ware na taro na sayi keken ɗinki da shi. Yarinyar yanzu shekararta huɗu, keken yana nan yana biya mata kuɗin makaranta.

Inna_Talatu:
Fa'iza 'yar nan, na ji ki, kuma ban ce kin yi laifi ba. Amma ku yaran yanzu kuna kallon taron suna ta ɓangaren abin da ya fita kawai. Shi biki bashi ne. Uwar yarinyar nan da uwar mijinta sun shekara ashirin suna kai wa mutane, wannan turmin atamfa, wannan kuɗi, wannan kwanon cincin. Ranar sunan jikansu na fari ita ce ranar da ake rama musu. Ni ranar sunan jikata, bayan magariba muka baje tabarma a ɗaka, ƙanwata na buɗe ƙulli tana faɗar suna, ni ina sa wata jikar tana rubutawa a littafi, wance turmi ɗaya, wance dubu biyu da sabulu sanda uku. Atamfa goma sha huɗu muka ƙirga. Mai jegon ba ta sayi zane ba sai da ta yaye. In kin hana taro kin hana iyaye karɓar abinsu, kuma za a ce kin raina dangi, maganar da za ta bi ki har aurar da yaron.

Abin da ya lalata suna ba taro ba ne, ƙarya ce. A zamaninmu wa ya san kanofi? Tabarma ce a tsakar gida, tuwo da miya, maƙwabta kowa ta kawo tukunyarta da itacenta. Fitar suna kala ɗaya, mijinki ya yi miki, shi ke nan. Ku koma wannan, ba sai kun kashe abin gaba ɗaya ba.

Fa'iza_Kaduna:
Inna, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taki ba. Sai dai littafin nan da kika ce, ai shi ma bashi ne a kaina gobe. Turmi goma sha huɗu ya shigo, turmi goma sha huɗu zai fita, wataƙila a lokacin da ya ninka kuɗi. Kuma yanzu in kika shimfiɗa tabarma kika ba da tuwo, kafin magariba hotonki ya zaga WhatsApp.

Inna_Talatu:
Ya zaga mana. Wanda ya ci tuwona ya zage ni, cikinsa ne zai ba shi amsa.

Zee_Kabuga:
Mu dawo kan kayan jariri. Amarya, kar ki ji kunyar gwanjo. Ki samu mai shago a Ƙofar Wambai ki karɓi lambarsa, ya gaya miki ranar da zai fasa dila, ki je da sassafe ki yi zaɓen farko. Auduga ce zalla, mai laushi, wasu ko sawa ba a yi ba. Sababbin nan masu araha na leda, wanki biyu sun saki, ga zafi. Ki wanke da ruwan zafi, ki shanya a rana sosai, ki goge. Baho da bokiti da fo duk a nan Wambai za ki samu ɗai-ɗai, ba sai kin sayi saiti mai kala ɗaya ba, jariri bai san kala ba. Zanen goyo kuma tsofaffin atamfofinki sun fi sabo, sun riga sun yi laushi.

Ummu_Khairat:
Ɗan fari da gwanjo? Hmm. Ni dai ba zan iya ba. A ce dangin miji su zo barka su ɗaga riga su ji wannan ƙamshin na dila? Na biyu na uku dai na yarda.

Zee_Kabuga:
Sababbi biyu na ganin baƙi, sauran na tumbuɗi da kashi. Wa zai zo duba rigar da yaro ya kwana da ita?

Maman_Haidar:
Ba wanda ya yi maganar pampas, alhali shi ne ramin da ba ya cika. Sabon haihuwa sai ya ɓata takwas ko goma a rana. Ki lissafa a wata. Ni nafkin nake sawa da rana, pampas sai dare da fita unguwa. Dozin biyu na saya tun a Haidar, har ƙannensa biyu suka mora. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, aiki ne. Na tuna lokacin sanyi, bayan asuba, ina tsugune a bakin rariya da bokiti biyu, hannuna ya yi fari ya tsage, igiya ta cika fal da fararen tsummoki kamar tutoci. In unguwarku sayen ruwa kuke a wurin 'yan garuwa, sai ki haɗa da kuɗin jarka da omo ki gani ko ribar ta kai. In kuma aiki aka yi miki, manta da shi sai kin warke, sai dai in akwai mai taya ki.

Sista_Rabi:
Tunda an zo nan, bari in ƙara biyu. Babban tanadi shi ne nono. Wata shida zalla, ko ruwa ba sai an ba shi ba, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, haka muke koyarwa a awo. Gwangwanin madara ɗaya ba ya sati a wurin yaron da ya dogara da ita, ga gudawa in ruwa ko bulumboti bai tsabtatu ba, kuɗin asibiti ya ƙaru. Kuɗin madarar a ciyar da uwar. Nonon farko mai ruwan ɗorawa kuma kar a matse a zubar, shi ne riga-kafinsa na farko. Alluran riga-kafi kyauta ne a asibitin gwamnati, tun daga na ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 da wata 15. Cibiya kuma ɗan man kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine ya isa, ba man goge baki ba, ba gashi da tsumma ba.

Na biyu, wankan jego. Itace ko gawayin da ake ƙonawa safe da yamma kwana arba'in kuɗi ne masu yawa. Ruwa mai ɗumi ya wadatar. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Mai hawan jini musamman, ta nisanci kanwa.

Inna_Talatu:
Sista, a nan kam za mu rabu. Haihuwa tara na yi, kowace da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ga ni nan garau. Ku kuka ga masu ciwon, mu muka ga masu ɗanyen jiki. Kanwar dai na yarda a rage, ni ma na ga wadda ta kumbura. Amma a ce mai jego ta yi wanka da ruwan da ko kaza ba zai fige ba, a'a.

Hadiza_Maraɗi:
Sannunku 'yan uwa, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan tun zamanin Shugaba Tandja aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce a likitar gwamnati, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ya taimaka, ba a musu. Amma kyauta ba ta hana a rubuto maka takarda a ce babu wannan, je ka saya a waje. Ƙanwata da aka yi mata fiɗa, kuɗin sefa jika talatin da mijinta ya ɓoye su suka fisshe mu, ban da kuɗin mota daga ƙauye da abincin masu jinya. Don haka maganar Sista ita ce, ko an ce kyauta ne a riƙe wani abu. Taron suna kuwa duk kanwar ja ce, mu ma nan uwar miji ke da magana.

Ɗan_Kwari:
Mu ma ai a Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Sai dai ba kowane asibiti ne ke cikin tsarin ba, a tambaya tun kafin ranar. Kuma Amarya, tunda maigidanki ma'aikacin gwamnati ne a Kano, ai ana cirar masa kuɗin tsarin taimakekeniyar lafiya duk wata. Ya sa sunanki kuwa? Da yawa an yi aure ba su je sun ƙara matar ba, sai ranar buƙata a ce babu ke a ciki. Ya je ya gyara yanzu, ya ga wane asibiti aka ba ku.

Baba_Mai_Ritaya:
Ina karantawa na tuna yadda nake yawan jin ana cewa "ai gida za ta tafi wanka", kamar an samu sauƙi. Sauƙin miji ne, nauyin ya koma kan uba. Ni 'ya'ya mata biyar gare ni, fanshona bai kai mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 ba. Kowacce ta zo goyon ciki, ni ne itace, ni ne ƙauri, ni ne kaji, in za ta koma kuma a ce gara: buhun shinkafa, jarkar mai, taliya, dubulan. Ta ukun sai da na sayar da fili na gado. Ba na ƙorafi a gabansu. Amma samari masu karantawa, in matarku ta tafi gida, ku bi ta da abinci da kuɗin gawayi, kuma ku furta da bakinku cewa kun yafe gara. In ba ku faɗa ba, ba za mu iya fasawa ba.

Abu_Sumayya:
Baba, wannan magana ta shige ni. Allah ya ba mu ikon gyarawa.

Amaryar_Ɗorayi:
Na dawo. Na je awo na tambaya, jinina O fozitif ne, alhamdu lillahi, an kuma ba ni takardar kayan haihuwa. Yaya Ɗan Kwari, ka yi gaskiya, babu sunana, har yanzu shi kaɗai ne a katin, ya ce gobe zai je. Daren jiya muka zauna na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Wurin ragon Baban Tagwaye sai da ya ƙware da shayi. Mun soke gado, keke, anko, kayan rabo da mai kwalliya. Dabba ɗaya, za a saya wata mai zuwa a kai wa kawunsa a ƙauye. Ambulan ɗin Abu Fadil ma mun buɗe, dubu goma sha biyar ce a ciki yanzu, kunya ma nake ji in faɗa.

Matsalar ita ce da safe ya je gaida Hajiyarsa ya ɗan taɓa mata maganar. Ta ce jikanta na fari ne a ɗan namiji, ta riga ta gaya wa ƙungiyarsu ta Islamiyya, har ta zaɓi atamfar anko a Kwari. Ya dawo ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Ni ba zan iya buɗe baki a gabanta ba.

Fa'iza_Kaduna:
To wanda ya zaɓi anko ai shi zai biya kanofi.

Inna_Talatu:
Kul, kar ki kuskura ki faɗi haka, 'yar nan. Ke ba ruwanki, bakinki alaikum. Ki samu babbar yayarsa ko ƙanwar Hajiyar wadda take jin maganarta, shi ya je ya same ta da lissafin a rubuce, har da kuɗin tiyatar da aka gaya miki. A bar wa Hajiya ankonta ita da ƙawayenta, su yi a gidanta, ke a kawo ki ki zauna awa biyu. Yana da yaya mace?

Amaryar_Ɗorayi:
Yana da ita, Inna, amma ita ce ta raka Hajiya Kwarin.

Baban_Tagwaye:
Tab. To a sake yin hoton cikin dai tukuna, a wuri mai kyau.

Maman_Haidar:
Amarya, in kina so ki turo a ɗaukar miki gadon nan kyauta, ki nuna wa Hajiya an fara shiri. Ni ma na samu wurin ajiye buhun gawayi. Ƙararrawar ce kawai ta ɓata.